Turmin Hajaratu a Bayan Jar Mota

A shekarun farko bayan Anasara sun sauke tutarsu, an yi wani mutum a arewacin Affala wanda ya mallaki tirela bai mallaki mota ba. Sunansa Almustafa, amma Soja ake ce masa, don ya yi wa Faransa yaƙi a ƙasashen da shi kansa bai iya faɗin sunansu daidai ba. Tirelar tankin ruwa ce mai taya biyu, da dogon wuyan ƙarfe, da zobe a bakin wuyan. Ya saye ta ranar da aka yi gwanjon tarkacen da Anasara suka bari a Tawa, ya ba wani makanike mai suna Sidi ajiyarta, ya hau jakinsa ya koma gida. Mutane suka yi ta dariya har suka gaji.

Shi kuwa yana da dalilinsa. Rijiyar garinsu, Tungar Aduwa, ta ƙafe. Rijiya ce mai zurfi, irin wadda sai takarkari ke jan wasakinta, wato babban gugan fata. Shekara da shekaru ruwan na ja da baya, har wasaki ya fara fitowa da laka, daga baya da busasshen rairayi, wata rana ma da ƙadangare a ciki yana ƙifta ido. Sai gari ya fara tashi gida gida. Wasu suka nufi Affala, wasu Tebaram, samari suka yi Kurmi. Hayaƙi biyu kaɗai ya rage yana tashi a tungar: na Almustafa, da na wata tsohuwa maƙwabciyarsa, Hajaratu.

Matarsa Zalika tana kwance a kabarinta bayan itacen aduwar da garin ya ci sunansa. 'Ya'yan da suka haifa babu wanda ya yi tsawon rai. Shi da Hajaratu kuma ba wani zance mai tsawo suke yi ba, gaisuwa ce ta kan darni, sai ƙwaryar fura da take miƙo masa da rana. Amma kowace safiya, kafin rana ta taɓa kan aduwa, yakan ji taɓaryarta na faɗawa cikin turmi. A da mata ne cike da garin, in suka haɗa lugude har ƙasa na amsawa. Yanzu taɓarya ɗaya ce, tana bugawa tana hutawa. Daga bugun yakan gane ko ta yi barci, ko bayanta ya tashi, ko tana cikin fushi da awakinta. Almustafa ya ga wutar yaƙi bai gudu ba, amma akwai abin da yake tsoro: safiyar da zai buɗe ido ya saurara, ya ji iska kaɗai.

Ruwan da suke sha ɗanta Ma'azu ne ke kawowa daga Affala a salkuna bisa jakuna. Magidanci ne mai iyali da gona, kuma ya gaji. Wata safiya Hajaratu ta tsayar da daka, ta leƙo ta kan darni. Ba ta faɗin sunan Ma'azu, don ɗan fari ne.

"Soja, ka tashi lahiya? Yaron nan ya ce zuwa na gaba ba ruwa zai kawo ba. Ni zai ɗauka."

"Ke mi kika ce mai?"

"Mi zan ce? Rairayi nika sha?"

"Uwar Ma'azu, ki ba ni kwanaki. Zan kawo ruwa da mota. Ba sau ɗaya ba, kowace kasuwa."

Ta dube shi daga rawani har takalmi. "Tulun ƙarfen naka da ka baro Tawa, shi zai yi ƙahwa shi taho?"

Ta koma ga dakanta. Amma bai ji ta ce a'a ba.

Ya kora 'yan shanun da suka rage masa zuwa kasuwar Tawa, ya rabu da su, ya haɗa da abin da ya tara na tsohon soja, ya nufi garejin Sidi. Garejin wani fili ne bayan kasuwa, ƙasarsa ta yi baƙi da mai, gawarwakin motoci ko'ina, awaki na hawa suna sauka. Tankinsa na nan a gefe, wuyansa a ƙasa kamar raƙumin da ya durƙusa aka manta da shi.

Sidi ya fito daga ƙarƙashin wata babbar mota yana goge hannu a wando. "A'a! Mai amarya ba ango! Baba Soja, yau ka zo nema mata miji?"

"Na zo. Nuna mini masu ja."

Motoci biyu ne kawai ke iya wannan aiki. Ta farko fara ce, gajera, mai faɗin ƙirji. Ta wani likita ce da ya koma ƙasarsu. Tayoyinta da sauran zane, kujerunta na ƙamshin magani. Sidi ya murɗa ta, ta tashi nan take tana gurnani a hankali.

Ta biyu tana can ƙarshen fili ita kaɗai, jikin bango. Ja ce, ko kuwa ta taɓa zama ja, rana ta cinye launin. Ta soja ce tun asali, daga baya masu gyaran hanya suka yi ta jan tankunan ruwa da kwalta da ita. Bayanta ya ɗan zauna. Wata kaza ta yi ƙwai a kujerar direba, sai da aka roƙe ta kafin ta sauka.

A soja an koya wa Almustafa tuƙi: ga sitiyari, ga giya, ga birki. Cikin mota kuwa ba a taɓa barinsa ya leƙa ba, wannan aikin wani Anasara ne mai jan gashin baki. Abin da ya sani tun daga tushe shi ne takarkari, don tun yana yaro shi ke kora na ubansa a bakin rijiya. Saboda haka bai ce a buɗe masa inji ba. Ya zagaya bayan farar motar, ya tsuguna wajen ƙugiyar da ake rataya tirela. Fentinta na nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. A cikin lanƙwasar ma zanzaro ya gina ɗan ɗakinsa na laka.

Ya miƙe, ya tafi bayan jar motar. Ƙugiyarta ta goge har tana walƙiya kamar azurfa, zobe ya ci ta ya yi mata kwari. Da ya matsa sai ya ga fuskarsa a ciki, 'yar ƙarama, a juye. Ya sa yatsa ya shafa kwarin, ya daɗe yana shafawa.

Ubansa, in zai sayi takarkarin rijiya, ba ya duban ƙiba ko kyan ƙaho. Wuya yake dubawa, gaban tozo, inda igiya ke zama. Sa mai santsin wuya bai san komai ba. Ranar da wasaki ya yi nauyi sai ya firgita, ya ja baya, ya tsinke igiya ko ya yi awon gaba da mai korarsa. Amma wanda igiya ta goge masa gashi, fatar wurin ta yi tauri, wannan ya san aiki. Zai tafi har iyakar igiya, ya tsaya da kansa, ya juyo ba wanda ya ce masa ƙala.

"Wagga nika so," in ji Almustafa.

Sidi ya yi dariya, sai ya ga ba wasa ba ne. "Baba, ka dubi hwarar da kyau. Ba ta taɓa jan komi ba."

"Shi na ce. Ba ta san ja ba."

"Mota ba ta koyon aiki, Baba! Ba sa ba ce. Wannan gogewar da kake shahwa ba sani ba ne, gajiya ce. Akwai wani faranti cikin cikinta, ambireyaj, shi ka miƙa ƙarfin inji ga ƙafafu. Nata ya cinye, ya yi kamar waina. Ni ka sayarwa, ni kuma ka gaya maka."

"Ka taɓa jan ruwa da sa, Sidi?"

"Ka taɓa kwance mota, Baba?"

Suka dubi juna. Sidi ya ce to a gwada. Aka rataya mata tankin babu ruwa, Almustafa ya hau, suka zagaya kasuwa. Zoben ya zauna cikin kwarin ƙugiyar daidai, kamar dama nan ne gidansa. Motar ta ja shi cikin natsuwa, ba fizga ba ƙara. Zuciyar Almustafa ta yi fari.

"Wannan iska ta ja," in ji Sidi. "Mu cika shi da ruwa, mu hau tudun rairayin bayan gari. In ta hau, na yi shiru."

Almustafa ya girgiza kai. A kasuwar shanu ba a ɗora wa dabbar mutum kaya kafin ya sallama. Ka duba, ka taɓa, ka sa ta taka, amma ka wahal da abin da ba naka ba, wannan rashin kunya ne.

"Ni na ba ka izini!"

"Ita ba ta ba ni ba."

Sidi ya ɗaga hannu sama. "Ku zo ku ji, jama'a! To Baba, na sallama. Amma hwarar ba ni nuna ta ga kowa sai kasuwa mai zuwa ta watse. In wagga ta kwanta maka, ka san hanya, ka taho mu yi musanya."

Da masu gareji suka tafi sallar la'asar, Almustafa ya zauna a inuwar jar motar ya jingina da tayarta. A jikin ƙofa akwai wasu ƙananan huji da aka toshe da dalma. Ya san abin da ke yin irin wannan huji, yana da ɗaya a cinya. Ya fito da goro ya ɓare, ya ci rabi, ya ɗora rabin a kan bonet ɗinta, sannan ya ji kunya ya ɗauke ya cinye.

Washegari da hantsi ya cika tankin a famfo, ya kama hanyar arewa. A kan fako motar har waƙa take. Duwatsun Adar baƙaƙe suka yi ta wucewa, raƙuma na ɗaga kai suna kallo. A bayansa ruwan na juyi cikin tanki yana dukan ƙarfe, kowane duka yana jinsa a ƙashin bayansa. Ya fara shirya yadda zai shiga tungar: ba zai yi oda ba, zai tsaya daidai ƙofar Hajaratu, ya buɗe famfon tankin kawai, ya bari ta ji ƙarar zubar ruwa ta fito da kanta.

A Affala ya tsaya don inji ya sha iska. Mutanen tungarsu na da suka kewaye shi, mata na taɓa tankin suna salati. Ya tambayi Ma'azu.

"Ai tun jiya ya tahi wajenku da jakkai," in ji wata. "Amma ban ga salka bisansu ba. Igiyoyi na gani."

Almustafa bai tsaya sallama ba.

Tsakanin Affala da Tungar Aduwa akwai wani dogon tudun rairayi, ba mai tsayi sosai ba, amma mai laushi, anza ta tsiro masa nan da can. Ya sa mata giyar ƙarfi, ya taka. Ta hau kwata, ta hau rabi. Daga nan injin ya ɗaga murya, yana ihu yana ƙarawa, amma tafiyar na raguwa. Wani wari ya taso daga ƙarƙashin ƙafafunsa, kamar an ƙona kofato. Motar ta tsaya. Injin na ta kuka, tayoyi ko motsi.

Ya sauka ya tone rairayin da hannu. Ya karyo rassan anza ya shimfiɗa. Ya hau ya gwada, ya sauka ya ƙara tonewa. Da duk ya ƙare, ya je gabanta ya dafa ta, ya yi mata irin kiran da ubansa ke yi wa takarkari in wasaki ya maƙale, wani dogon sauti daga maƙogwaro wanda ya shekara arba'in ko fiye bai fito daga bakinsa ba. Ya yi ya sake yi. Ƙarfen na da zafi a tafin hannunsa, yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa.

Yana nan tsaye jakuna suka ɓullo a kan tudu. Na gaba ɗauke da tabarmi da ƙwarya, na biyu da randa a kife, na uku da turmi ɗaure a gefe guda yana rinjayarsa. Ma'azu na kora su tare da awaki. Hajaratu na baya a ƙasa, tana dogara taɓarya kamar sanda.

"Sannu, Baba Soja," in ji Ma'azu. Ya dubi motar, ya shaƙi warin, ya sunkuyar da kai. "Ta gaza?"

"Hutawa take."

Hajaratu ta ƙaraso. Ta zagaya tankin a hankali, ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, sama da ƙasa, ta ji a cike yake. Ta murɗa famfon, ta tara hannu ta sha. Ta tsaya tana juya shi a baki.

"Ruwan Tawa ƙarhe yake yi," ta ce. Ta sake tara hannu ta sha.

"Uwar Ma'azu, ga ruwa ya zo. Saura kaɗan ya isa ƙoharki. A kwashe shi da jakkai."

Ma'azu ne ya amsa, murya ƙasa ƙasa. "A kwashe, Baba. In ya ƙare fa? Wa zai kai tankin shi cika, wa zai hau da shi tudun nan?"

Almustafa ya dubi jar motar, ya dubi tudun.

"Kai," Hajaratu ta ce wa ɗanta, "sauke mini turmi. Rana ta yi tsaka, ba ni tahiya da yunwa."

Aka sauke turmin a inuwar tanki. Ta jiƙa gero da ruwan Tawa, ta ɗaura zane, ta ɗaga taɓarya. Almustafa ya zauna a rairayi ya rufe ido. Da bugun farko ya ji wani abin mamaki. Tankin na amsawa. Ta buga, ƙarfen da ruwan cikinsa su mayar da bugun, da wata murya mai kauri daga ciki. Ta buga, ya amsa. Sai ka ce mata biyu ne ke lugude, ɗaya a fili, ɗaya a ɓoye cikin tanki. Zalika haka take shiga bayan bugun Hajaratu, da ɗan jinkiri, don hannunta na hagu ne. Bai buɗe ido ba har aka gama, don kada ya ga mutum ɗaya.

Suka sha fura, aka shayar da jakuna da awaki, aka cika duk abin da ke riƙe ruwa. Inuwar tankin ta fara miƙewa gabas.

"Baba, taho mu tahi," in ji Ma'azu. "Akwai ɗaki a gidana. Garin can ba kowa, ko kaza."

"Akwai Zalika."

Ma'azu ya juya ga kaya. Ya sunkuya zai ɗauki turmi.

"Bar shi," in ji Hajaratu. "Ba ka ga bayan jakin ya goge ba? So kake ka kashe shi? Sa shi cikin motar Soja."

Ma'azu ya dubi bayan jakin. Lafiyarsa ƙalau. Ya dubi uwarsa, sannan ya rungumi turmin ya ɗora a bayan jar motar.

Ta gyara lulluɓi, ta ɗauki taɓaryarta. Ba ta dubi Almustafa ba, tankin take kallo. "Ajiya ce, ba kyauta ba. Ran da ka sami mai iya hawan tudun ga, ka san ƙohar gidan yaron nan. Ka zo da shi, kada in ga ya tsage." Ta yi taku biyu ta ƙara da cewa, "Kuma wannan karon ka bar yaron garejin shi zaɓa."

Suka gangara kudu. Ya bi su da kallo har ƙarar ƙwarya a bayan jaki ta ɓace.

Da ya rage shi kaɗai, ya nemo duwatsu ya tokare tayoyin tankin. Ya sa kafaɗa, ya yi ta fama har ya zare zoben daga ƙugiya. Bayan motar ya ɗago a hankali da wata 'yar ƙara, kamar ajiyar zuciya. Ya ɗebo mai da yatsa ya shafa wa kwarin nan mai walƙiya, yadda ake shafa wa wuyan sa in an kwance masa igiya. Bai zage ta ba. Ta ja iyakar abin da ya rage mata.

Ya cire bargonsa na soja ya rufe turmin, ya ɗaure da igiya don kada rana ta tsaga shi. Sannan ya hau kan tudu ya dubi arewa. Can nesa ana hango kan aduwa, babu hayaƙi ko ɗaya. Ya daɗe a tsaye, leɓɓansa na motsi, kamar mai ba wani haƙuri.

Ya sauko ya cika 'yar salkarsa, ya rufe famfon da kyau, ya juya kudu. Kasuwar Tawa ba ta zo ba tukuna, zanzaro na nan cikin ƙugiyar farar mota. A kan rairayi ga sawun jakuna da na awaki a cakuɗe, a gefensu kuma wasu ramuka zagayayyu a jere, inda taɓarya ta riƙa sauka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kiyaye kada ya taka su, har ya fita daga rairayi ya hau fako, inda ƙasa ba ta riƙe sawun kowa. Daga nan ya ratse ta bayan Affala, ya kama hanyar Tawa.